Ranar da Na Kwance Ɗorin Baba

Tun da na dawo daga Jega ban samu sakat a majalisa ba. Da na zauna sai wani ya ce, "Likita, ba mu labari." Wani ya miƙo hannu wai in duba ko jininsa ya hau. Abokina Mani kuwa tambayarsa ɗaya ce kullum, ko da gaske ne ana ajiye jinin mutane a firji kamar zoɓo. Na gaji da maimaici, ga shi kowa ya tsinci guntun labari sai ya ƙara masa gishiri, har jiya na ji ana cewa wai ni na yi wa wani Bafulatani tiyata da hannuna. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya kafin a buɗe jami'a in wuce Sakkwato. Wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa ya karanta da kansa.

Na san za ku ce daga Aliero zuwa Jega ai ba tafiya ba ce, mai keke ma yana zuwa ya ci kasuwa ya dawo bai rasa la'asar ba. Ban musa ba. Amma wallahi makonnin da na yi a ɗakin gaggawa na asibitin can, ji na yi kamar na bar ƙasar baki ɗaya.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Lawali, ɗan Malam Sanda mai ɗori. Kakana ɗori ya yi, Baba ɗori yake yi, ni ma a zaurenmu na buɗe ido na ga ana jan ƙafar ƙato yana salati. Da aka ba ni gurbin karatun likita, malaminmu na kimiyya, Malam Tukur, ya ce bai kamata in zauna a bakin rumbun albasa ina jiran buɗe makaranta ba. Yana da aboki tun na ƙuruciya, Dakta Yakubu, mutumin Zuru, wanda aka turo Jega bayan an yi mana sabuwar jiha. Ya je ya yi masa magana. Amsar da likitan ya aiko da ita gajera ce: in zo in tsaya in kalla, amma kada in taɓa kowa.

Abin dariya tun a gida ya fara. Malam Tukur ya ce sai da farar riga irin ta likitoci, na sayi yadi na kai wa Ɗanjuma tela, na yi masa bayani dalla-dalla. Ya ce ai ya santa sarai. Sai da safen tafiya na je karɓa, na tarar ya zuba mata aiki a wuya da bakin aljihu da zare mai ruwan gwal, sai ka ce rigar Sallah.

Na ce, "Haba Ɗanjuma, wane irin abu ne wannan?"

Ya ce, "Ɗan Sanda za shi shiga cikin manya, ni ba ni barin ka tahi da riga tsirara. Kyauta ta, ban ƙara maka ko kwabo ba."

Babu lokacin gyara, na ninke ta na tura a jaka ina cizon yatsa.

Motar da na samu a-kori-kura ce ta albasa. Gaba ya cika, don haka a kan buhuna na ɗare, ga nawa ƙaramin buhun albasar da Inna ta cika mini, rabi na Gwaggon da zan sauka wurinta, rabi na likita. A hanya muka wuce allon da aka shafe sunan Sakkwato aka rubuta Kebbi a kai, amma fentin bai yi kauri ba, tsohon rubutun na leƙowa ta ƙasa. Wani tsoho da ke kusa da ni ya ce shi dai har yanzu bai ga abin da ya canza ba sai fentin. Gab da shiga Jega muka tsaya a shinge. Mai kakin ya ce in buɗe jaka, ya zaro rigar nan ya ɗaga ta sama kowa na kallo, ya ce, "Kai liman ne ko likita?" Direbanmu, Altine, ɗan unguwarmu ne, ya leƙo ya ce, "Dut biyun na, yallaɓai." Aka kwashe da dariya aka ɗaga mana katako. Na sauka a tasha ina warin albasa tun daga hula har takalmi.

Masaukina gidan Gwaggo Kulu ne, ƙanwar Baba, wadda ke suyar kifi a bayan kasuwa. Ta ba ni ɗakin ɗanta da ya tafi Birnin Kebbi neman aiki a sababbin ofisoshi. Ɗakin na jikin rumfar suya, saboda haka kafin mako ya zagayo warin albasa ya sauka, na kifi ya hau. Amma fa na ci daɗi. Mu a gida tuwon dawa ne yau, tuwon gero gobe. A gidan Gwaggo tuwon shinkafa ne da miyar kifin gulbi, kan kifin kuma nawa ne, wai yana buɗe ƙwaƙwalwa. Doka ɗaya ta kafa mini: rigar asibiti ba ta wuce zaure. Akwai ƙusar da ta buga mini don ita. In na dawo sai na wanke hannu da toka, sannan da sabulu, tana tsaye a kaina.

"Warin magani shina kore ciniki," in ji ta. "Kak ka shigo mini da ciwon mutane cikin mai."

Iyakar ƙasa ta gaskiya ƙofar asibitin ce. Maigadin tsohon soja ne, ya dube ni da rigata mai aiki da buhun albasa a kafaɗa, ya ce lokacin dubiya bai yi ba, masu talla kuma waje suke tsayawa. Ina ta rantse-rantse sai ga wata nas mai jiki, da farin gilashi, ta zo wucewa. Ita ce Sista Hajara, babbar nas ta ɗakin gaggawa, kuma an gaya mata ina tafe. Ta kalli rigar, ta yi dariya har sai da ta dafa bango. Ta shigar da ni, ta miƙo mini reza, ta nuna mini gindin mangwaro. A can na yi safiyata ta farko a aikin likita, ina tsinke zaren Ɗanjuma.

Dakta Yakubu ɗan gajere ne, ba jiki, tafiyarsa kamar ana binsa. Da ya gan ni bai ko tsaya ba, yana tafiya yana magana, ni kuma ina binsa da sassarfa.

"Kai ne ɗan masu ɗori? Ku ne kuke kwashe mini majinyata. In juya baya in dawo sai in ga gado wayam, wai an wuce Aliero."

 Sai ya juyo ya yi murmushi ya ce, "Na sha ganin aikin babanka a hoto, ƙashin ya haɗu tsaf. Ka gaishe shi. Wannan albasar tawa ce?"

Abin da ya fara ba ni mamaki rashin gaisuwa ne. A zaurenmu ko da ƙafar mutum na lilo aka kawo shi, sai Baba ya gaisa da waɗanda suka kawo shi, ya tambayi gida da hanya da damina, sannan ya ce a kwance kaya. A can kuwa likita zai tarar da dattijo mai furfura ya ce masa, "Baba, ina ke ciwo?" Shi ke nan. Kwanakin farko ni nake jin kunya a madadinsa, har nakan bi baya in yi wa mutane sannu da zuwa don in rufa masa asiri. Sai ranar da aka kawo wata mata daga Fagada maciji ya sare ta a gona, na ga yadda kumburi ke hawa ƙafarta muna tsaye muna kallo, na gane dalilin da ya sa ba a tsayawa gaisuwa.

Na biyu shi ne layi. Mu a gida babba ne gaba, mai sarauta gaba da shi. A ɗakin gaggawa wanda ya fi kusa da mutuwa shi ne babba. Na ga wani Alhaji mai motoci ya zo da targaɗe, da rakiyar mutum kusan goma, Sista Hajara ta zaunar da shi a benci ta wuce da wata yarinya mai shiɗewa da uwarta ta goyo ba ko takalmi. Ya yi ta huci yana cewa ko an san shi. Sista ta ce, "An san ka ƙwarai, Alhaji, shi yas sa munka san kana iya haƙuri."

Ni kuwa da alfaharina na je. Na ce wanda ya tashi yana riƙe wa Baba ƙafar da ta karye, me zai gani ya girgiza? Ranar da aka kawo mutanen da motarsu ta faɗi a hanyar Maiyama, ko gezau ban yi ba, ni ke miƙa auduga, ni ke riƙe ledar ƙarin ruwa, har likita ya yaba. Abin da ya kayar da ni maruru ne. Wani mahauci ya zo da shi a bayan wuya, Dakta ya sa aska ya tsaga. Abin da na tuna kawai shi ne ɗakin ya fara juyawa, sai na farka a ƙasa Sista na yi mini fifita da kwali, mahaucin kuma yana leƙo ni daga kan gado yana cewa, "Sannu likita, Allah shi ba ka lahiya." Har na baro garin in ya hango ni a kasuwa sai ya tambayi jikina.

Na koyi abubuwa da yawa a tsaye, hannuna a baya. Dakta ba ya gajiya da tambaya. In ya ɗaga hoton ƙashi a jikin taga sai ya ce in fara faɗin abin da na gani kafin ya faɗi nasa. Na yi shekaru ina shafa karaya ta saman fata, sai ga ta a fili ina kallonta. Ranar farko da na gani, na so a ce Baba na kusa.

To yanzu bari in zo kan Bafulatanin da kuke ta ƙara wa gishiri.

Ranar kasuwa ce, da hantsi. Sai ga mutanen tasha sun shigo da wani saurayi ranga-ranga, Altine direba na riƙe da ƙafafunsa, wani dattijon Bafulatani mai sanda da malfa na biye. Saurayin sunansa Buba, makiyayi ne daga wata ruga a bayan Maiyama, dattijon kuma surukinsa ne, Arɗo Manu. Sa ne ya make Buba da bango ya karya masa hannun dama tsakanin gwiwa da wuyan hannu. Jiya da yamma aka yi masa ɗori, suka kwana a tashar Jega suna jiran motar gida, da safe yana tsaye sai ya yanke jiki ya faɗi.

Kafin a kwantar da shi na gane ɗorin. Karan da aka jera, shuɗin ƙyallen da aka naɗe, da yadda aka tura bakin igiyar ta wajen babban yatsa. Ko cikin duhu na shafa na san hannun da ya yi shi. Ɗorin Baba ne.

Buba ya farfaɗo bayan an ɗaura masa ruwa. Dakta ya kama yatsun da suka leƙo ta ƙasan ɗorin. Sun kumbura suntum, sun yi duhu, ga sanyi. Ya danna farce ya saki, jini bai dawo ba. Ya miƙar da yatsa ɗaya, gumi ya karyo wa Buba a goshi, amma ko uffan bai ce ba.

"Yana ciwo?" in ji Dakta.

Buba ya saci kallon surukinsa, ya ce, "Da sauƙi."

Dakta ya ce a ba shi almakashi. Sai Arɗo ya gitta sandarsa a kan gadon.

"Ba a taɓawa," ya ce. "Mai ɗori yac ce kak kowa shi kwance sai shi. In wani hannu yat taɓa, ƙashi ba ya kamawa."

Dakta ya yi masa bayani a tsanake. Hannun ya kumbura a cikin ɗorin, ɗorin kuma bai da inda zai buɗa, ya shaƙe hanyar jini. In aka bar shi haka zuwa azahar, naman zai mutu, kuma abin da zai rage shi ne a yanke hannun. Arɗo ya saurara har ƙarshe, ya ce to a bari su koma Aliero mai shi ya kwance. Altine ya ce ai da safen nan ya ga Malam Sanda ya hau mota zuwa Sabiyal ta'aziyya, sai la'asar zai dawo. Dakta ya juya ga Buba ya ce hannunsa ne, shi ya faɗa. Buba ya sunkuyar da kai ya ce abin da Arɗo ya ce shi ne.

Ban taɓa ganin Dakta Yakubu ya rasa abin yi ba sai ranar. Ya ajiye almakashin, ya ɗauka, ya sake ajiyewa.

Dole in yi muku bayanin wani abu, ko da yake 'yan Aliero sun sani. A wurinmu wanda ya ɗaure shi ke kwancewa. Ɗan gida na iya kwancewa, amma sai in mai ɗorin ne ya aike shi. Wanda ya kwance ɗorin na gaba da shi ba tare da an sa shi ba, ya shelanta wa duniya ke nan cewa aikin bai yi ba. Ƙanin Baba ya taɓa yin haka ina ƙarami, har yau ba su ƙara sa hannu a akushi ɗaya ba. Duk wannan na cikin kaina ina tsaye hannuna a baya, ina kallon yatsun nan na makiyayi wanda da su yake tatsa, da su yake riƙe sanda.

Sista Hajara ce ta fasa. Ta ce, "Arɗo, ɗorin wa na?"

"Na Malam Sanda na Aliero."

Ta nuna ni da haɓa. "To ga ɗanai nan tsaye."

Arɗo ya dube ni sama da ƙasa, da farar rigata mai sawun zare a wuya. Altine ya ce, "Wallahi ɗan Sanda na, Lawali. Ni nik kawo shi garin ga."

Dattijon ya matso har ina jin ƙamshin nono a jikin rigarsa. Ya ce, "Shi yat turo ka?"

Da na ce e, da magana ta ƙare. Amma bakina ya ƙi. Na ce, "Bai turo ni ba, Baba. Bai ma san kuna nan ba. Amma jininsa ne ni, kuma na san da yana nan da ya kwance. In laifi ne, a kaina."

"Ka ɗauka?"

"Na ɗauka."

Ya kalli hannun. Sannan ya janye sandarsa a hankali.

Na kalli Dakta, domin shi ne ya ce kada in taɓa kowa. Ya miƙo mini almakashi ya ce, "Yi sauri." Na ce a'a, ɗorin Baba ba a yanka shi. Na sa safar hannu, na yi bisimilla, na nemo bakin igiyar a inda na san yake, na fara warwarewa daga ƙarshen da Baba ya tsaya, kamar yadda na ga yana yi tun ina yaro.  Da karan suka saki, fatar ta fito duk ƙuraje masu ruwa, sawun kowane kara ya kwanta a jiki. Buba ya ja wani dogon numfashi. Dakta bai jira ba, ya ce kwancewa kaɗai ba za ta isa ba, sai an tsaga fatar an ba naman wuri. Aka tura shi ɗakin tiyata. To kun ji iyakar aikin da na yi, igiya na warware. Tiyata Dakta ne ya yi, ni ko ƙofar ban shiga ba.

Da ya fito na tambaye shi ko hannun zai rayu. Ya ce sai gobe za a sani. Sannan ya dafa kafaɗata ya ce, "Cire rigar nan ka tafi gida yanzu. Ka gaya wa babanka da bakinka, kafin direbobi su riga ka."

Hanyar nan da kuke cewa ba tafiya ba ce, ranar ta yi mini tsawo fiye da zuwa Legas. Na isa bayan la'asar na tarar da Baba ya dawo, yana zaure shi kaɗai yana fiƙe kara. Na durƙusa na gaishe shi, na gaya masa komai ban rage ba. Bai ɗago ba, bai kuma daina fiƙar ba sai da na kai inda na sa hannu. Nan wuƙar ta tsaya.

Ya ce, "Yankewa kay yi, ko kwancewa?"

Na ce, "Kwancewa na yi, daga inda ka tsaya."

"Yatsun sun motsa?"

"Ba a sani ba tukuna, sai gobe."

 Can ya ce, kamar da kansa yake magana, "Sau uku ina tambaya tai ko ya matse. Yac ce lahiya lau." Ya tashi ya shiga ciki. Inna ta ce ranar ko tuwo bai taɓa ba. Ni ma ban ci ba, domin ban san ko na rasa uba ba, ban kuma san ko hannun da na yi haka dominsa ya rayu ba.

Da asuba bayan an fito masallaci ya ce in jira shi. Ya fito da farar rigarsa ta Juma'a da rawani. Baba, wanda tun da aka haife shi bai taɓa taka asibiti ba, ko dubiya aike yake yi, ya ce mu tafi. A mota bai yi mini magana ba, ni ma ban yi gigin yi ba. Maigadin nan da ya hana ni shiga ranar farko, da ya ji wane ne, har ƙasa ya durƙusa, ashe Baba ne ya taɓa ɗora masa ƙugu.

Dakta Yakubu ya taho da saurinsa, da ya ga Baba sai ya ja birki. A karo na farko na ga ya tsaya ya yi cikakkiyar gaisuwa, har da tambayar damina. Ya kai mu gadon Buba da kansa. An rataye hannun sama, naɗe da bandeji, yatsun a waje. Arɗo na zaune a ƙasa kan buzu, da ya ga Baba ya miƙe yana neman ba da haƙuri wai an taɓa ɗorin. Baba ya ce masa, "Ɗana na. Hannunai hannuna na." Sannan ya roƙe shi ya ɗan ba su wuri.

Sai da dattijon ya fita Baba ya zauna a bakin gado ya ce, "Buba, tsakaninka da Allah, tun yaushe yaf fara ciwo?"

Buba ya leƙa ƙofa ya tabbatar surukinsa ya yi nisa. Ya ce, "Tun ba mu bar zaurenka ba, Malam. Kamar an sa shi cikin wuta."

"To don mi ba ka hwaɗi ba?"

"Gaban Arɗo?" in ji Buba. "Ɗiyatai nika aure. In ce ciwo gabanai?"

Baba ya girgiza kai. Shekara da shekaru yana ɗora Fulani, ya san kunyarsu, amma ranar bai kawo a ransa cewa dattijon da ke riƙe da kafaɗar yaron suruki ne ba, ya ɗauka uba ne. Dakta ya nuna masa yadda ake danna farce a ga dawowar jini. Baba ya danna na Buba, farcen ya yi fari, sannan a hankali ya koma ja. Ya sake dannawa. Ya danna nasa ya gwada. Dakta ya ce ƙaramin yatsa da mai bi masa wataƙila ba za su koma daidai ba, amma hannun ya tsira.

Ni dai ban san da wane baki zan gode wa mutanen ɗakin nan ba. Malam Tukur da ya tura ni, Sista Hajara da ta nuna ni da haɓa lokacin da nake neman ɓuya, Dakta da ya buɗe wa ɗan masu ɗori ƙofa bai taɓa wulaƙanta sana'ar gidanmu a gabana ba, da Gwaggo da kawunan kifinta. Allah ya saka musu da alheri, ya sa in zama likitan da ba zai ba su kunya ba.

Kafin mu tashi Baba ya sa yatsansa cikin tafin hannun Buba ya ce, "Riƙe ni."

Muka zuba ido. Babban yatsa ya fara motsi, sai manuni, sai na tsakiya. Suka lanƙwaso a hankali suka kama yatsan Baba.

"Matsa."

Buba ya matsa iyakar ƙarfinsa, wanda bai fi na jariri ba. Baba ya juya fuska wajen bango, ya ja bakin rawani ya share ido. Ban taɓa ganin hawayensa ba, ko ranar da Kaka ya rasu. Bai zare yatsan ba, bai kuma dube ni ba, ya ce, "Lawali."

Na ce, "Na'am, Baba."

"In ka tahi makarantag ga taku, ka tsaya ka koyo abin ga da kyau. Ka koyo har da rabona."